Girgizar da ke Sanyaya Kwamfuta

Penang, 9 ga Maris, 2003

Yaya Sagiru,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da ƙafarta? Ina su Hindatu da mutanen Limawa?

Mutanen kamfanin da nake wa aiki a nan akwai ilimi, Allah ya ƙara musu. Shekara uku suna bincike, sun gano in aka girgiza ruwan da ke sanyaya ƙwaƙwalwar kwamfuta, zafi ya fi saurin fita. Abin da Inna ke yi wa kunu a ƙwarya kullum ke nan, ba wanda ya tafa mata.

Aikina riƙe injin girgizar. Da ya fara kaɗawa sai in lumshe ido, in gan ni a motar Kiyawa ranar kasuwa, gero kore shar dama da hagu, duwatsun gida suna tahowa a hankali.

Lafiyata lau. Hannun dama ne kawai ke ɗan rawa ko an kashe injin, shi ya sa rubutun ya karkace. Kada Inna ta ji. Suna so in ƙara shekara biyu, ran Litinin zan ba da amsa. A sa ni a addu'a, a aiko da daddawa.

Manaja ya ce girgiza ba ta lalata komai, sun auna. To, Yaya, ni wa ya auna?

Ƙaninka,
Kamilu