Gemun Da Aka Dasa Mini A Shafi Na Arba'in Da Ɗaya

Daga: Tsohuwar direbar masaƙa, wadda aka fi sani da Inna Direba,
Gida na biyu bayan tsohon gareji.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Manhaja da Littattafan Makaranta.

Kwanan wata: 9 ga Disamba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘORAFI KAN SABON BUGUN LITTAFIN TARIHI NA AJI BIYAR, DA ABIN DA AKA YI WA FUSKATA A CIKINSA

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina neman izinin gabatar da kaina, tunda littafinku ya daina yi mini wannan hidimar.

Ni ce matar da ta tuƙa babbar motar masaƙa ranar babbar ambaliya, na yi ta kwasar mutane daga gangare zuwa kan tudu har ruwa ya fara shigo mini ta ƙofa. Tsohon bugun littafin ya sa hotona da sunana a shafi na 41. Ban roƙa ba, amma ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi. A farkon zangon nan aka raba sabon bugu, wanda aka ce kwamitin kula da tarbiyya ya tace shi. Ga abubuwan da nake kuka da su:

1. An cire sunana. A ƙarƙashin hoton yanzu an rubuta, "Wani bawan Allah da ya taimaka." Bautar Allah kam ina alfahari da ita. Abin da ban gane ba shi ne yadda na kwana mace na tashi namiji, bayan 'ya'ya shida da na haifa, kuma duk suna raye, za su iya ba da shaida.

2. An zare mini ɗankwali an ɗora mini hula, sannan aka dasa mini gemu. Cikin ladabi nake sanar da Mai Girma cewa marigayi maigidana, tela ne, mutumin kirki, ya yi rayuwarsa yana lallaɓa gemu da mai da addu'a, bai samu abin da ya wuce 'yan tsiraru ba. Ni kuwa kwamitinku ya ba ni cikakke har ƙirji a zama ɗaya. Da yana raye da abin ya tsaya masa a rai.

3. Mai zanen bai gama aikinsa ba. Ya bar mini wushiryata, ya kuma manta da hannuna na dama da ke waje ta taga, awarwaro jere har kusa da gwiwar hannu. Ke nan abin da yara ke kallo a kullum shi ne dattijo mai gemu sanye da awarwaron amarci. Na bar wa kwamitin ya auna irin tarbiyyar da aka gyara.

4. Tsohon bugu ya ce madatsar ruwa ce ta tsage, bayan injiniyoyi sun yi ta gargaɗi ba a saurare su ba. Sabon ya share wannan kakaf. Ya ce musibar ta sauko ne saboda gidajen sinima da yawan fitar mata aiki, kuma addu'a ce ta kuɓutar da jama'a. Ranka ya daɗe, ni ce a kan sitiyari, kuma na rantse babu wanda ya kai ni addu'a ranar, har wadda ban iya ba sai da na karanta. Sai dai ina yi ina sa wa mota giya. Limamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, a bayan motar yake, rungume da akuyarsa, shi ne ma yake buga bodi yana cewa in ƙara wuta. Bai tambaye ni wa ya ba ni izinin fita ba.

5. Tun fitowar littafin ban huta ba. Masu shago a layinmu sun koma gaishe ni da Baba. Wanzamin bakin titi ya aiko a gaya mini zai riƙa yi mini ragi. Surukata tana kawo mini abinci tana cije leɓe. Duk wannan na shanye, don ni ma na yi dariya har da hawaye.

6. Wanda ban shanye ba shi ne wannan. Ina da jika a aji biyar, sunana aka sa mata, muna kiranta Takwara. Ranar 21 ga Nuwamba suka yi jarrabawar tarihi, aka tambayi wanda ya tuƙa motar. Yarinya ta rubuta cewa kakarta ce, har ta ƙara da sunan don kada a yi kuskure. Aka ba ta sifili a wannan tambaya, 'yan aji suka yi mata ihu, suka laƙaba mata Jikar Mai Gemu. Ranar 24 ga wata na je makarantar da ƙafata, da tsohon lasina a jaka. Malamin tarihi ya ba ni kujera, ya dubi wushiryata ya dubi hoton, ya sunkuyar da kai. Ya ce ya san ni ce, shi ma tsohon bugun ya karanta, har ya ce mahaifiyarsa tana cikin waɗanda na kwasa. Amma wai amsar da ke littafi ita aka umarce shi ya bi, kuma yana da iyali. Ban ga laifinsa ba.

Makin bai dame ni sosai ba. A da, Takwara ba ta barina in ci abinci sai na sake ba ta labarin motar, har ta haddace inda injin ya mutu da yadda na tayar da shi. Yanzu ta daina tambaya. Shekaranjiya na ɗauko mata labarin da kaina, sai ta dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa tsohuwar da ta fara ruɗewa, ta ce ba komai, ko tatsuniya ce tana sonta. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya rubutawa a takardar ofis.

Don haka ina roƙon Mai Girma, cikin ƙanƙan da kai, da ya ba da umarni a aske ni, a mayar mini da ɗankwalina da sunana, a kuma dawo da maganar madatsar ruwa, don yaran da za su gina ta gaba su san tana tsagewa. A gyara wa Takwara makinta, a kuma faɗa a gaban ajin da aka yi mata ihu. Idan kwamitin yana shakka, a ara mini mota da fili, in ɗauke su gaba ɗaya mu zaga, zan ma ba su lokaci su yi addu'a kafin in tayar.

Ina roƙon a hanzarta. Waɗanda suka hau motar nan saura kaɗan, ni ma na kusa sauka. Bayanmu littafin ne kaɗai zai rage, kuma shi Takwara za ta karanta wa 'ya'yanta.

Allah ya ƙara wa Darakta lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,

Inna Direba,
"Wani bawan Allah" na shafi na 41,
Kakar Takwara.