Ƙurajen da ke bayan harshena

Daga yayanka Ɗan Tani a Falanko, zuwa ga Habu a Kano.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya Hajara da yara? Mu nan sai godiya, ko da yake gero bai yi ba. Malam Isa ke rubutawa, na hana shi gyara mini magana.

Tun bayan sallar layya goro ke yi mini zafi a baki. Na ari madubin uwargida, na zaro harshe, sai ga ƙuraje jere can baya. Ka tuna haka ciwon Baba ya faro, har fura ta gagare shi.

Wanzami ya ce a tsaga, na ƙi, hannunsa rawa yake. Kwana biyu na yi bisa jaki zuwa gidan likita a Tanut. Majo, malamin asibitin, ya danne mini harshe da cokali kamar mai tayin raƙumi, ya ce, "Tsoho, kowa na da su, da su aka haife ka. Rage taba kawai." Shekara saba'in ina da su ban sani ba? Na ce ya buɗe nasa bakin in gani, sai ya yi dariya.

Ban yarda ba, Habu. Damina bakwai ba ka tako garin nan ba saboda abin da na faɗa maka kan gona. Ban ce na yi kuskure ba. Amma ka zo tun harshen nan na motsi, akwai maganar da ba zan ba Malam Isa ya rubuta ba.

Ka sa ni a addu'a. Uwargida na gaishe ku.