Ni Na Yanka Clarrie

Zuwa ga Glenys, ruwan farko bayan dogon fari, ɗanyar ciyawar makiyayata, hasken idona, kuma mace mafi taurin kai daga Korumburra har bakin teku.

Yau kwana tara ba ki ɗaga wayata ba. Kwana tara, Glenys! A kan me? A kan bijimi guda!

Bari in tuna miki ranar, tunda ke kin zaɓi abin da za ki riƙe. Ruwan Afrilu ya sauka, laimar kwaɗi ta fito fara tas a bayan madatsar ruwa. Ni, da wannan gwiwar tawa mai ƙara, na durƙusa na tsince ta ɗaya bayan ɗaya, ina duba cikin kowace don kada in kashe ki da guba. Na barbaɗa fulawa a kan naman, na soya shi a man shanu har ya yi ja, na zuba albasa da tafarnuwa, na tsinko ganyen ƙamshi na tayim da faski daga bakin taga, na rufe tukunya na rage wuta. Awa uku ban ɗaga murfin ba, ni da ban iya jiran ruwan shayi ya tafasa ba. Zoben neman aurenki kuma yana aljihun rigata, yana ƙona ni.

Kin ci, ƙaunatacciyata. Kada ki musa! Kin lumshe idanun nan naki, kin share romon da burodi, kin miƙo faranti na ƙara miki. Sai kika leƙa taga kika ce, "Warwick, ina Clarrie? Ban gan shi a bakin shinge ba." Ni kuma, wawan Allah, na washe baki na nuna miki farantinki.

Na sani, ke kika zaro shi daga cikin uwarsa shekara biyu da suka wuce, cikin taɓo, hannunki har kafaɗa, kina zagina don na makara wajen kiranki. Ke kuma kika raɗa masa sunan. A ranar na fara son ki. Amma ke likitar dabbobi ce, ba baƙuwa daga birnin Melbourne ba! Me kike zaton ake yi da sa a gonar nama, makaranta ake sa shi? Shi ne mafi kyau a garkena, shi ya sa na zaɓe shi. Da na yanka miki wani ramamme, ai da raini ne. Tsiran da kike ci kowace Asabar a filin ƙwallo, daga bishiya yake faɗowa?

Kika ajiye cokali, kika ɗauki makullin motarki, ko rigar sanyinki ba ki tsaya ɗauka ba. Tana nan rataye, ina wucewa ina sunsuna ta kamar kare.

Ga abin da kika jawo mini. Firiza cike take da Clarrie, kuma na kasa ci. Na ɗumama sauran, na kai loma baki, sai na ga farin goshinsa yana leƙe ta shinge. Shekara arba'in ina cin naman shanuna lafiya lau, kin zo kin lalata ni da suna ɗaya! Jiya yunwa ta kai ni shagon Trevor mahauci. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai, Warwick, shanun naka sun yi yajin aiki ne? Ko likita ce ta rubuta maka azumi?" Duk shagon aka kwashe da dariya, na karɓi ƙunshina na fita.

Ina jin haushinki, wallahi ina ji. Kuma gidan nan ya yi mini faɗi, ba na son cin abinci ni kaɗai har ƙarshen rayuwata.

Laimar kwaɗi ba za ta wuce mako biyu ba, sanyi zai kashe ta. Ki zo ranar Lahadi. Zan sake dafa miki, da naman wata saniya daga Queensland wadda babu wanda ya taɓa gaisawa da ita. Zan tambaye ki abin da ban samu tambaya ba, kafin ki leƙa taga.

Shanu ɗari da goma sha huɗu suka rage mini. Na san halinki, in kin shigo gidan nan sai kin raɗa wa kowace suna, kuma daga ranar ba zan iya sayar da ko ɗaya ba. Na zauna na yi tunanin wannan sosai. Ki zo ki raɗa.

Naki, cikin fushi da yunwa, har ranar da za a sa ni a ƙasa,
Warwick