Sori a Bakin Rumfata

Talata, da dare. Barnawa.

Sau uku na wanke hannuna, amma ƙarnin jinin ya ƙi fita.

Da la'asar ina facin taya, wani mai jif ya yanko kwana a guje ya bugi teburin Mama Ladi, mai ƙosan da ke gefen rumfata. Kaskon mai ya kife mata a ƙafa. Tana ihu, fatar tana saɓulewa, shi kuwa ya sauke gilashi rabi ya ce, "Sori, madam," ya fara jan mota.

Sori! Kalmar da ake ce wa wanda ya yi tuntuɓe, ko wanda aka taka wa takalmi a coci. Da ita zai sallami ƙafar tsohuwa?

Ban san lokacin da na fasa gilashin da ƙarfen cire taya ba. Na jawo shi ta kwala, na yi ta naushin bakinsa har haƙori ya faɗo. Masu keke ne suka ɓamɓare ni, ɗayansu yana cewa, "Oga, za ka kashe mutum fa!"

Ashe mahaifiyarsa na kujerar baya, tsohuwa sa'ar Mama Ladi, fasassun gilasai zube a cinyarta. Ba ta zage ni ba. Kallona kawai take yi.

Na buɗe baki in ce mata wani abu. Allah ya sani, abin da ya fito shi ne, "Sori, Mama."