Ba Sha Biyu Ba Ne

Ya Bahagona, sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko a busasshiyar ƙasar zuciyata!

Ka tuna ranar da malamin lissafi ya dawo da kai bencina? Cewa ya yi duk wanda ya faɗi gwaji ya zauna kusa da wanda ya ci, har sai ya gane. Ran nan ni na danne maka rula, kai kuma ka ja layi ya ratsa ɗigo uku, miƙaƙƙe sambal. Hannunka na hagu ya gogi tawadar, ta ɓata mini hannun riga. Wallahi har yau ban bari an wanke ta ba!

To me na yi maka, farin watana? Jiya da aka fito da ni gaban allo muryata ta maƙale, ina jin ka kana kwaikwayona. Bebiya ka kira ni, aji ya ɗauka. Ka ce wa abokanka da ka ci gwajin jibi ka rabu da bencin kurame. Har da tafi!

Na yi kukana na share. Yanzu saurara, tauraron asubata.

Ƙananan lambobin nan da ke zaune a kafaɗar manya, su ne ajalinka. Biyu mai ɗauke da uku, sau biyu mai ɗauke da huɗu: kullum sha biyu kake ɗorawa a sama, ka waigo ka dube ni, ni kuma in gyaɗa kai. Ba sha biyu ba ne, masoyi. Bai taɓa zama sha biyu ba. Kalma ɗaya tak za ta gyara maka, tana nan a bakina. Amma ina bebiya ta ga bakin magana?

Na san babanka ya kulle kekenka, ya ce sai ka ci gwajin. Na ga ƙurar da ke takalminka da safe, har tausayi ya kama ni. Kaɗan.

Je ka tambayi masu tafin, in sun sani. Ai tare kuka faɗi.

Jibi za ka zauna ka ciji biro, ka leƙo takardata, in rufe ta da hannun rigar nan mai tawada. Mako mai zuwa kuma in share maka gefenka na bencin, kamar kullum.

Taka har abada, wadda ba za ta taɓa barin ka tashi daga kusa da ita ba,

Bebiyarka.