Dalolin Ya Kolo

Toranke, Ajingi

Baban Muslima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Mu nan lafiya lau. Muslima ta fara kama gado tana miƙewa, kai kuwa ba ka gani ba.

Na ba Datti direba wasiƙar nan don maganar ta fi ƙarfin waya. Ka tuna akwatin kakata Ya Kolo da aka ba ni bayan rasuwarta? Na kwashe shi, sai ga wani ƙulli a ƙasa cikin tsohon zane. Dalolin azurfa ne da suloli irin na da, waɗanda ta zo da su daga Barno tana amarya. Sun yi baƙi ƙirin, amma ƙamshin turaren wutarta na nan a jikinsu. Yaya Ikrama ya tura hotonsu ga wani Alhaji Muzammil a Kano, mai tara tsofaffin kuɗi. Ya ce akwai waɗanda ya daɗe yana nema, kuma abin da zai bayar zai sayi injin ban ruwa har da tiyo.

Injin ban ruwa fa, Baban Muslima! Ka ga ke nan ka dawo gida, an gama zaman ci-rani. Tun ranar, jikina ne kawai a tsakar gida. Ina tuƙa tuwo amma ina can fadamarmu, ina kallonka ka naɗe ƙafar wando, ruwa yana bin kwalbati yana shiga albasa, ni kuma na taho da fura a kai, Muslima na biye da ni tana faɗuwa tana tashi. Har ƙarar injin nake ji. Jiya tuwon ya kama, kuma laifinka ne.

Taka,
Batula

Toranke, Ajingi

Baban Muslima,

Sallama da gaisuwa. Ya jikin naka, murar ta sake ka? Na ji saƙonka cewa ka fara yi wa mai gidanka maganar tafiya. Daɗi kamar ya kashe ni.

Jibi za mu Kano ni da Yaya Ikrama. Alhajin ya ce a kawo su yadda suke, kada a wahalar da kai. Kara ce irin ta manya, na sani. Ni da ko ƙwaryar aro ba na mayarwa sai na wanke ta fes, zan kai wa babban mutum kayan kakata da dauɗa, a ce matan Toranke ƙazamai ne? Allah ya kiyaye! Na jiƙa su a ruwan lemon tsami, na samu toka mai laushi da soson ƙarfe, na zauna gindin darbejiya na dirje su ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka yi zafi.

Da ka gan su! Na jera su a faranti, rana ta faɗa kansu, hasken ya riƙa rawa a bangon ɗakinmu kamar ruwa a randa. Na daɗe ina kallo. Sai na ga kamar Ya Kolo ce yarinya a kan raƙumi, ƙullin nan a ƙugunta, tana waiwayen garinsu. Ƙamshinta dai ya tafi tare da baƙin, wannan kam ya ɗan taɓa min rai.

Taka har kullum,
Batula

Toranke, Ajingi

Baban Muslima,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mun je mun dawo lafiya, sauran maganar kuma sai ka yi haƙuri da ni.

Da na buɗe ƙullin, Alhajin ya yi salati ya dafe kai. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo min gilashinsa na dubawa, na leƙa. Wayyo! Abin da na ɗauka sheƙi ne ashe zane-zane ne birjik, kamar kaji sun yi tono. Ƙananan rubutun sun shafe, tsamin ya ci fuskar matar da ke jiki. Ya ce baƙin nan shi ne shaidar shekarunsu, shi masu tarawa suke saye, kuma ba ya dawowa. Yanzu sai dai maƙeri ya auna su ya narke, abin da za a samu kuwa ko tiyon ba zai saya ba. Na ƙulle kayana na taho da su.

A mota na rufe ido na nemi fadamar nan, ta ƙi zuwa. Na yi kuka tun daga Wudil har Gaya.

Don Allah ka koma wajen mai gidanka ka ce ka fasa, kada kuma ka saki ɗakin da kake haya. Wallahi ban taɓa rubuta abin da ya yi min nauyi kamar wannan ba, ni da nake son ka dawo ko da hannu rabbana ne. Amma ka zauna, Baban Muslima. Muslima ta taka jiya, na ce ka gani, sai na tuna ba ka nan.

Matarka,
Batula