Siminti Ya Cinye Yatsunsa

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya hanya? Allah tsare ku da mota.

Jiya na je banki da takardar rasuwar yayanka. Yarinyar da ke aiki a wurin ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce, "Mama, ba mu da mai wannan suna." Ina tsaye na tuna ranar da ya dawo yana dariya, wai na'urarsu ta ƙi karɓar yatsansa, buga bulo ya shafe zanen kamar bayan cokali. Ashe bai sake komawa ba. Amma duk ƙarshen mako sai ya ce ya kai kuɗin rufi banki.

Mai gidan haya ya ce mu tashi kafin damina. Ɗakin da yayanka ya gina mana ya kai linta, rufin kwano kawai ya rage. In ka san inda kuɗin yake, don Allah ka faɗa mini.

Yara suna gaishe ka. Ƙaramar ta ce ina alewarta, maƙaryaci.

Matar yayanka

Yaya,

Bayan gaisuwa da ƙara yi mana ta'aziyya, na sami wasiƙarki.

Ajiyar da sunana take. Ni ke da katin aiki da takardar albashi, shi ba kamfani, ba shago, sai hannunsa. Yakan ba ni, ni kuma in zuba masa.

Kin sha yi mini godiya a asibiti, kina cewa na biya kuɗin magani da na gadon kwanciya. Yaya, ba kuɗina ba ne. Shi ya sa ni cirewa, kaɗan-kaɗan har ya ƙare, ya kuma rantsar da ni kada ki sani. Cewa ya yi, "Bari in tashi, wata biyu na mayar." Duk godiyar da kika yi mini sai in rasa inda zan sa fuskata.

Albashina kin san shi. Zan iya kawo katakon rufi ƙarshen wata. Ki yafe mini.

Ƙaninki, Auta

Auta,

Na gaishe ka. Ba abin yafewa. Guminsa ne, kansa ya yi wa, da na sani ma ni zan ce a cire. Abin da ya tsaya mini a rai, yana kwance ina ta yi masa lissafin kwano, shi kuma yana gyaɗa kai.

Ka kawo katakon. Na fara karɓar wanki, ina ajiyewa a gwangwani.

Hadari ya fara haɗuwa. Ɗakin dai ba rufi.

Allah ya jiƙansa, ya tsare ka.

Matar yayanka